Tambayar Malam Zakariyya'u Mai Shafi Huɗu

Duk wanda ya zauna a Layin Rijiya da ke Tirkaniya, ko da na wata ɗaya ne, ya san Malam Zakariyya'u, ko yana so ko ba ya so. Shekara talatin da biyu ya yi yana koyar da nahawu a sakandare. Shi ya yi ritaya, bakinsa bai yi ba. Idan ka ce masa, “Malam, an kawo wuta?” zai amsa maka, amma sai ya fara nuna maka cewa tambayarka tsirara take. A wurinsa cikakkiyar tambaya sashe biyu gare ta. Akwai ganga tsayayye, wato sashen da ke iya tsayuwa da ƙafarsa, irin su “za ka zo?” Akwai kuma ganga dogarau, wanda ba ya rayuwa sai ya jingina da wani, irin su “idan ruwa ya ɗauke” ko “tun da kai ka yi alkawari.” Mun ji wannan karatu a ƙofar masallaci, mun ji shi a teburin mai shayi, sau ɗaya ma har a zaman makoki. Ni dai na haddace shi ba da son raina ba.

Babban abin alfaharinsa shi ne wata tambaya da ya taɓa shiryawa a jarrabawar 'yan aji shida, mai dogarau goma sha ɗaya. Ya ce cikin ɗalibai ɗari da arba'in ko ɗaya bai amsa ta ba. Shi a ganinsa nasara ce.

Wata Talata, gab da faɗuwar damina, ma'aikatan kamfanin da aka ba aikin magudanar ruwa a unguwar suka zo da na'urar awo mai ƙafa uku. Suka leƙa abin da za su leƙa, suka shafa jan fenti a bangon shagon Bilkisu da ke bakin layi, suka rubuta wata lamba a ƙasansa, suka shiga motarsu suka tafi. Ba su ce wa kowa uffan ba.

Bilkisu tela ce. Kekunan ɗinki uku gare ta, da su take riƙe da 'ya'ya huɗu tun rasuwar mijinta. Rufin tsohon shagonta ya zama rariya. Bara ruwa ya jiƙa mata leshin wata amarya, sai da aka kai ruwa rana kafin a sasanta. Shi ya sa bana ta daure ta ja sabon ɗaki a gefen shagon. Gini ya kai linta, kwanon rufi na jingine a bango, kafinta na jiran a ce masa hau. Sai ga jan fenti. Idan rushewa za a yi, buga kwano asara ce. Idan kuma ba rushewa za a yi ba, kowace rana ta wuce hadari na ƙara matsowa. Abu ɗaya tak take son sani a duniya: za a rushe ko ba za a rushe ba.

Ran Laraba Baba Jethro, tsohon ma'aikacin masaƙa kuma shugaban masu gidajen layin, ya tara mu a ƙofar gidansa. Ya ce injiniyan kamfanin zai zo ran Asabar filin firamare ya gana da mutanen layuka bakwai. Lokaci kaɗan ne, don haka kowane layi tambaya ɗaya.

“Ni zan yi, Baba,” in ji Bilkisu. “Ba ta da tsawo. Za a rushe shagona?”

Malam Zakariyya'u ya yi 'yar dariyar nan tasa ta hanci. “Bilkisu, wannan ai tambayar mai neman hanyar tasha ce. Injiniya fa za a tambaya, mutumin da boko ya ratsa. Kika jefa masa tambaya tsirara, amsa tsirara zai ba ki.”

“Ita nake so, Malam.”

“Ba ki san abin da kike so ba, 'yar nan.” Ya juya ga jama'a, ya ɗaga yatsa. “Tambaya ɗaya suka ce. Sun faɗi tsawonta?”

Gaskiya ba su faɗa ba.

“To, muddin alamar tambaya ɗaya ce a ƙarshe, ko layin nan kaf na zuba a ciki, tambaya ɗaya ce. Ko kotu aka je. Shagon Bilkisu shi ne tsayayye, sauran damuwarku duk su jingina da shi.”

Tony mai walda ya cire baƙin tabaransa. “Baba Malam, wait. Kana nufin nawa ma zai iya shiga?”

“Kai da injinka.”

Nan take taro ya koma bayan Malam. Baba Jethro ya ce shi dai a taƙaita. Bilkisu ta buɗe baki za ta ƙara magana, aka ce ta yi haƙuri, ai ta samu lauya kyauta.

Dole in faɗi wata gaskiya da kowa ya sani a layinmu amma ba mai faɗa. Babu gidan da bai ɗan ci titi ba. Wannan ya turo katanga, wancan ya ɗora rumfa a kan kwata, wani ya fito da dakali. Ba a rana ɗaya aka yi ba, a hankali aka yi, cikin ladabi. Kuma mu idan aka taɓa mutum, ba ya cewa bai yi ba. Cewa yake, “Ai wane ma ya yi, nasa ma ya fi nawa.” Da wannan muke kare kanmu tun ina yaro, kuma da shi aka nufi teburin Malam.

Washegari da sassafe ya fito da tebur cikin rumfar kwanon da ke ƙofar gidansa, ya jera biro uku da sabon littafin rubutu. Tony ne ya fara zuwa.

“Baba Malam, ka rubuta cewa shekara goma sha huɗu rumfana yana kan gota ɗin nan, nobody talk. Kuma ka sa cewa katangar Alhaji ya fi nawa fitowa. Amma kar ka ce ni na faɗa.”

“Dogarau ba ya faɗin wanda ya kawo shi,” in ji Malam. “Da ‘tun da’ kake so in fara, ko da ‘ganin cewa’?”

“Wanne ya fi ƙarfi?”

“‘Ganin cewa’ na manya ne.”

“Sa mini shi.”

Kafin azahar magana ta kai kunnen Alhaji Abdulmalik mai gidan bulo. Ya zo da kansa, ya yi sallama, ya zauna, ya tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya, sannan ya ce shi ba mai son magana ba ne, amma don Allah a rubuta cewa lokacin da ya ja katangarsa, kan kiyos ɗin Madam Scholastica ya daidaita igiya. Idan akwai kuskure, daga kiyos ya faro. Madam Scholastica kuwa ba ta zauna ba, ba ta tambayi iyali ba. Daga tsallaken titi ta ɗaga murya, da ledar burodi a hannu.

“Malam! Na ji an sa sunana for inside! To ka rubuta, idan za su taɓa kiyos ɗina, su fara duba sokawe na Baba Jethro. Rabinsa yana ƙarƙashin titi. Ni na dafa wa leburori abinci ranar da aka haƙa shi!”

“‘Idan’,” in ji Malam yana rubutu, fuskarsa cike da annuri. “Madam, kin kawo sharaɗi. Da ma shi nake nema.”

Bai mayar da kowa ba. Mai chemis ya zo, mai wankin mota ya zo, har wata tsohuwa da ba ta da gida a layin ta zo ta sa a rubuta cewa jikanta na neman aiki. Malam ya ba ta “alhali kuwa.”

Da la'asar sai ya duba abin da ya tara, ya girgiza kai. Ya ce akwai rauni. Wannan ya ce “ya fi nawa fitowa,” wancan ya ce “rabinsa,” duk zato ne, kuma injiniya ba ya aiki da zato. Ya tafi shagon Bilkisu ya ari tef ɗin awonta, irin na teloli mai inci sittin, ya fara bin layi gida gida yana aunawa, yana rubuta lambar kowane gida a gefe. Da yake tef ɗin gajere ne, sai ya durƙusa ya auna, ya sa dutse, ya ja gwiwa gaba, ya sake aunawa. Dattijo mai shekara sittin da bakwai yana rarrafe a titi da babbar riga, masu acaba na kauce masa suna yi masa sannu.

A bakin rumfar Tony ya sunkuya don ya ga iyakar inda ta rufe kwata, katakon da ya taka ya karye. Ya nutse har ƙugu cikin ruwan da ya shekara goma sha huɗu bai ga rana ba. Hannunsa ɗaya na sama riƙe da littafi. Da Tony ya miƙa hannu zai jawo shi, sai ya ce, “Littafin tukuna.” Aka karɓi littafi, sannan aka karɓi Malam. Ko wanka bai je ya yi ba sai da ya rubuta: ƙafa tara da inci huɗu.

Shagon Bilkisu ya bari a ƙarshe. Ta ga yana auna sabon ɗakinta daga bango zuwa bakin titi, ta ɗauka taimako ne. Ita ma ta riƙe masa bakin tef.

Ran Juma'a kuma sai matsalar numfashi ta taso. A ƙa'idar Malam, ba a sauke murya a tsakiyar tambaya. Dole ta yi ta hawa har sai an isa alamar tambaya. Tambayar kuwa ta kai shafi huɗu da dogarau talatin da takwas. Ya tsayar da matarsa Ladi a tsakar gida ta zama injiniya, ya ja iska ya fara. A dogarau na tara muryarsa ta koma ta ɗan akuya. A na goma sha biyu idonsa ya juya, ya dafa turmi, ya zauna a ƙasa daɓas.

Ladi ta yayyafa masa ruwa, ta koma kan tsintar shinkafarta. “Malam, wai tambaya ce wannan ko wasiyya?”

“Ba fanninki ba ne.”

“Haka ne. Amma in za ka sake faɗuwa, ka matsa daga wajen murhu.”

Ya yi wa ƙa'idar gyara: an yarda a ja numfashi, amma a ɓoye, ta hanci.

Bayan sallar Juma'a Bilkisu ta zo rumfa. Gabas ta yi baƙi, iska na kaɗa ledoji a titi. Ta ce kafinta ya ce idan Litinin ta yi ba ta yanke shawara ba, zai tafi wani aiki a Mahuta, sai bayan wata guda.

“Malam, ina tawa a ciki?”

Ya buɗe shafi na huɗu, ya sa yatsa a layin ƙarshe. “Ga ki nan. Ke ce ginshiƙi. Duk waɗannan a kanki suka jingina.”

“Ba za a iya sa ni a farko ba? In ya amsa, sai ku ci gaba da naku.”

“Ana iya yi,” in ji Malam, “a nahawu ya halatta. Amma ba ya da kwarjini.”

Ta dube shi, ta dubi hadari, ta karɓi tef ɗinta, ta shinshina shi, ta mayar masa ta ce ta bar masa.

Asabar da hantsi filin firamare ya cika. An kafa rumfa biyu, an jera kujerun roba, janareto na ruri a bayan aji. Injiniyan da ake ta jira ashe mace ce, Injiniya Hope, matashiya da hular kwano fara da rigar aiki mai ruwan ɗorawa. Hausarta ta 'yan Kaduna ce, tana yi tana sirka Turanci. Ta ce ƙarfe goma sha biyu za ta wuce wata unguwa, don haka a taimaka.

Wakilin layin farko ya tashi. “Yaushe za a fara aiki?”

“Litinin.”

Na biyu ya ce, “Za a rufe hanya?”

“Kwana uku kawai.”

Malam Zakariyya'u ya karkato wajena ya ce a hankali, “Ka ji ko? Tsirara. Abin kunya.”

Da aka kira Layin Rijiya ya miƙe cikin babbar riga mai ruwan sararin samaniya, ya sauya tabarau, ya buga lasifika sau uku da yatsa. Ya gai da Injiniya, ya gai da masu unguwanni, ya gai da malaman addinai biyu, ya gai da wanda ya ba da aron kujeru. Sannan ya ja iska ta hanci.

“Tun da yake mu mutanen Layin Rijiya masu biyayya ne ga hukuma, kuma ganin cewa rumfar waldar Tony, gida mai lamba shida, ta shekara goma sha huɗu a kan kwata, ta rufe ta tsawon ƙafa tara da inci huɗu, babu wanda ya ce masa kanzil…”

Tony ya gyaɗa kai yana duban jama'a, ya ga sunansa ya fito a lasifika.

“…duk da cewa katangar Alhaji Abdulmalik, gida mai lamba takwas, ta fi ta shiga titi da ƙafa uku cif…”

Alhaji ya daina jan carbi.

Da farko Injiniya agogonta take kallo. A dogarau na biyar ta daina. A na bakwai ta zaro biro daga aljihun riga, ta juya bayan takardar da ke gabanta.

“Sorry sir, a hankali. Gida lamba nawa ka ce?”

“Goma sha ɗaya, ranki ya daɗe. Kiyos. Ƙafa huɗu da rabi.” Ya waiwayo gare mu, bakinsa har kunne. “Kun gani? Rubutawa take.”

Mun gani. Wallahi mun gani, kuma a lokacin ne kowa ya gane asirinmu ake tonawa, ban da mutum ɗaya. Madam Scholastica ta dafe ƙirji ta ce, “Jesus.” Baba Jethro, da ya san sokawensa na tafe a shafi na biyu, ya miƙa hannu ya ja gefen rigar Malam.

“Malam, ya isa haka. Je ka ƙarshe.”

“Ba a katse dogarau, Baba. Idan aka katse shi faɗuwa yake.” Ya fizge rigarsa. “…kuma idan har za a taɓa kiyos ɗin, alhali ramin sokawen gida mai lamba biyu rabinsa na ƙarƙashin titi, kamar yadda wadda ta dafa wa leburori abinci ta shaida…”

Baba Jethro ya juya ya kalli Madam Scholastica. Shekara ashirin suna coci ɗaya.

“Baba, no be so I talk am,” in ji ta.

“Haka kika ce, Madam,” in ji Malam ta lasifika. “Kalma ɗaya ban sauya ba.”

Alhaji Abdulmalik ya miƙe. “Wa ya ce a auna mini katanga?”

“Wa ya ce ka sa igiya a kan kiyos ɗina?”

“Da ke nake magana? Tony, kai ne ka fara kai sunana!”

“Alhaji, I swear, an ce dogarau ba ya faɗin suna!”

Mutanen sauran layuka shida suka gyara zama. Wasu suka ɗaga waya suna ɗauka. Mai wankin mota ya zagaya bayan aji ya kashe janareto, lasifika ta mutu. Sai dai ya manta cewa mutumin nan shekara talatin da biyu yana karantar da aji mai ɗalibai casa'in ba lasifika. Muryarsa ta ƙara fitowa tar. Tony ya yi tsalle ya warce shafi na uku ya cusa a aljihu. Malam ko a jikinsa, ya rufe ido ya kawo shi da ka, har da inci.

Bai bar kansa ba, wannan kam dole a yaba masa. “…ko da yake ni kaina mai wannan tambaya, rumfata da ke gida mai lamba goma sha biyar ta ci ƙafa biyar, kuma ban taɓa ganin takardar gargaɗi ba…”

“Fifteen,” in ji Injiniya tana rubutu. “Continue sir.”

Ya wuce mai chemis, ya wuce jikan tsohuwa mai neman aiki. Muryarsa ta hau har ta fara rawa, jijiyoyin wuyansa sun tashi, gumi ya jiƙa hula. Bilkisu na tsaye a gefen rumfa, ta haɗa hannu biyu a ƙirji, bakinta na motsi. Tun safe ba ta zauna ba.

“…kuma kasancewar sabon ɗakin da baiwar Allah nan ta gina ya ɗan leƙo titi ne kawai, abin da kowa a layin ya yi, shin,” ya ɗaga yatsa sama, ya tsaya a kan yatsun ƙafa, “za a rushe shagon Bilkisu?”

Ya zana alamar tambaya a iska, ya ɗiga mata ɗigo.

Injiniya ta ajiye biro. “Wane shago? Na bakin layi, mai jan fenti da lamba?”

“Shi,” in ji Bilkisu da kanta.

“A'a, Hajiya. Wannan alamar awo ce, daga nan muke ɗaukar level, wato tsayin ƙasa. Ba ruwanmu da shagonki.”

Bilkisu ta saki ajiyar zuciya, ta ce alhamdu lillahi har sau uku, hawaye na zubo mata. Wata mata ta fara guɗa.

“Gaskiya ma,” Injiniya ta ci gaba, “tsohuwar kwata za mu bi mu gyara mu wuce. Ba mu yi niyyar taɓa ko bulo ɗaya a layinku ba. Abin da ba a kawo mana ba, ba ma kai shi ofis. Amma yanzu an karanta a gaban jama'a, da lambar gida, da awo, ga mutane sun ɗauka a waya. I cannot pretend ban ji ba.” Ta duba takardarta. “Wannan sabon ɗakin da ya leƙo titi, kamar ƙafa nawa? Idan bai wuce biyu ba, magudana za ta iya wucewa.”

Duk Layin Rijiya ya zuba wa Malam ido. Baba Jethro ya yi tari. Alhaji ya ɗaga yatsu biyu a saitin cikinsa. Ni kaina na taka masa ƙafa.

“Biyu da rabi,” in ji Malam Zakariyya'u. “Ni na auna. Ita ta riƙe mini tef.”

Guɗar ta tsaya a tsakiya.

Injiniya ta rubuta. Ta ce ko zai iya ba ta takardar gaba ɗaya. Ya miƙa mata da hannu biyu, ya ce shafi na uku yana aljihun Tony, gida mai lamba shida. Aka karɓo. Ta ce, “Thank you sir, ka rage mana aikin sati biyu.” Ta shiga mota saura minti huɗu ƙarfe sha biyu ta yi.

A hanyar komawa gida babu wanda ya jera da shi sai ni, ni ma don gidanmu na kusa ne. Ya ce mini, “Ka lura ba ta ce a maimaita ba? Dogarau talatin da takwas, ta gane su duka. Yarinyar ta yi karatu.”

Ran Litinin masu fenti suka dawo, wannan karon da babban bokiti. Ba su zo da na'ura ba, takardar Malam ce a hannun shugabansu. Yadda ya jera dogarau haka suka bi: lamba shida, lamba takwas, goma sha ɗaya, su dawo biyu, su koma goma sha biyar. Suna ta kai da kawo a layi suna mita, wai wanda ya rubuta bai bi tsari ba. Malam ya fito ya bayyana musu cewa tsarin ma'ana ya bi, ba na lamba ba. Suka ce ya matsa, suka shafa wa rumfarsa kuros, alamar rushewa. Gida ashirin da uku aka shafa. Jikan tsohuwa kaɗai ya ci riba, an ɗauke shi riƙon bokiti.

Kafinta ya tafi Mahuta. Ran Alhamis aka sauke bangon gaba na sabon ɗakin Bilkisu, tana tsaye tana kallo. Na daɗe ban ga abin da ya ba ni tausayi irin wannan ba. Bulo ɗaya ɗaya ta tara ɗakin nan, yawancinsa daga ɗinkin kayan makaranta. Da la'asar ruwan farko ya sauka kamar da bakin ƙwarya, tsohon shago ya fara zuba ta wuri shida.

Ana ɗaukewa sai muka ji ƙarar kura a kan tsakuwa. Mai kura na turawa, Bilkisu na gaba, kekuna uku a sama an lulluɓe su da leda, ga buhunan yadin mutane, ga dutsen guga. Ba ta tsaya ko'ina ba sai gida mai lamba goma sha biyar. Malam na zaune a kan benci a filin da rumfarsa take a da. Ɗakin karatunsa, wanda ƙofarsa ke kallon titi, a buɗe yake, Ladi na fitowa da littattafai a cikin daro tana jibgewa a zaure.

Malam ya miƙe. “Ladi, me ke nan? Wa ya ce…” Ya ga kekuna, ya ga fuskar Bilkisu, ya gyara murya. “Bilkisu, tun da yake abin da ya faru ƙaddara ce, kuma ganin cewa ita kanta Injiniya ta yaba da…”

“Malam, ɗan riƙe nan,” in ji ta.

Ta ɗora masa kan keke a hannu. Nauyi ya sa ya yi shiru.

“Kusa da taga,” in ji Ladi daga ciki. “A hankali, kar ka buga mata shi a bango. Saura biyu.”